Yadda Ake Naɗar Murya a Kwamfuta da Ƙaramin Akwatin Sauti na USB

Duk wanda ya taɓa ɗaukar murya da makirufon da ke jikin kwamfuta ya san abin da ake samu: muryar takan fito siririya kamar daga cikin rijiya, ga ƙugin fankar kwamfutar yana bin ta. Ba sai an je situdiyo kafin a magance wannan ba. Akwai ƙaramin akwati da ake jonawa da kwamfuta ta wayar USB, wanda 'yan kasuwa da masu situdiyo ke kira sawun kad, ni kuwa a nan zan riƙa ce masa akwatin sauti. Aikinsa shi ne ya ƙarfafa ɗan abin da makirufo ya tsinto, sannan ya mayar da shi lambobin da kwamfuta ke ganewa, idan kuma an zo saurare ya juya lambobin su koma sauti. Na daɗe ina amfani da masu araha daga cikinsu wajen naɗar karatun littattafai da hira da dattawa da muryar talla, kuma abin da na tabbatar shi ne ƙaramin akwati ya isa, muddin an daidaita ƙarfin shigar murya yadda ya kamata, an kuma kula da ɗakin da ake aiki a ciki.

Kayan da za ka tanada

Na farko shi ne akwatin kansa. Daga cikin masu sauƙin kuɗi akwai Behringer UM2 da UMC22 da M-Audio M-Track Solo, waɗanda dukkansu ke ɗaukar sauti a ma'aunin bit 16 da hez 48,000, ma'aunin da ya wadatar ga karatu da hira. Hez shi ne sau nawa ake auna sautin a daƙiƙa ɗaya, bit kuwa yana nuna yawan dalla-dallar kowane awo. Idan aljihu ya ba da dama, Behringer UMC202HD ko Focusrite Scarlett Solo sun fi, domin suna kaiwa bit 24, kuma suna da manhajar direba tasu ta kansu, wato manhajar da ke haɗa akwatin da kwamfuta su yi aiki tare, abin da zai sauƙaƙa maka aiki a Windows. Ina ba da shawarar ka bambanta waɗannan da ɗan akwatin nan mai fitilu da maɓallan tafi da dariya da ake kira V8, wanda an yi shi ne domin masu magana kai tsaye ta waya, kuma yakan cusa wa murya amsa kuwwa da ba ta fita bayan an naɗa.

Na biyu makirufo ne, kuma iri biyu ne za ka ci karo da su. Akwai dainamik, kamar Shure SM58 ko Behringer XM8500 mai araha, wanda ba ya buƙatar wuta, kuma ba ya saurin kwaso hayaniyar da ke nesa da shi. Akwai kuma kwandensa, kamar Audio-Technica AT2020, wanda ke buƙatar wutar bolt 48 daga akwatin, yana fito da murya tangaran, amma yana jin kukan zakaran maƙwabta kamar yadda yake jin naka numfashin. Ga wanda ke zaune a unguwa mai cunkoso, kusa da titi ko injin markaɗe, dainamik ya fi dacewa, ko da masu sayarwa sun fi tallata kwandensa saboda kyan siffarsa.

Sai wayar makirufo mai kai na XLR a duka ɓangarorin biyu, wato kai mai ƙusoshi uku da kai mai ramuka uku. Wannan yana da muhimmanci ga masu makirufon BM-800 da ya cika kasuwa, domin wayar da ke zuwa a kwalinsa ƙaramin kai irin na iyafis gare ta a gefe ɗaya, kuma wutar bolt 48 ba ta bi ta wannan hanyar. Za ka buƙaci hedifon mai rufe kunne gaba ɗaya, tare da ɗan adafta da ke mayar da ƙaramin kai na milimita 3.5 zuwa babba na milimita 6.35, saboda ramin yawancin akwatuna babba ne. Ka tanadi sandar riƙe makirufo da ragar tare iska. Idan babu ragar, lanƙwasa wayar rataye kaya ta zama zobe, ka ja siririyar safa a kanta, za ta yi aikin. Manhajar naɗa kuwa, Audacity kyauta ce kuma da ita zan yi bayani. Wanda ya saba da FL Studio ko Cubase ko Reaper zai ga matakan kusan ɗaya ne.

Idan na hannu za ka saya, ka tafi da kwamfutarka da makirufonka ka gwada a gaban mai shago. Ka murɗa kowane maɓalli daga farko zuwa ƙarshe kana saurare ko zai yi ƙaraƙas, ka kuma ɗan girgiza wayar USB a raminta ka ga ko fitilar za ta ɗauke.

Mataki na 1: Shirya ɗaki

Wannan matakin shi ne wanda sababbi ke tsallakewa, alhali rabin ingancin murya a nan yake. Ɗaki mai bangon siminti da tayil, wanda babu kaya a ciki, yana mayar da murya ta dawo cikin makirufo, kuma babu manhajar da ke cire wannan amsa kuwwa ba tare da ta lalata muryar ba. Ka tsaya a tsakiyar ɗakin ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. Idan ka ji tafin ya bar wata 'yar ƙara tana bin sa, ɗakin yana buƙatar gyara. Ɗakin kwana mai katifa da labule da kafet ya fi falo. Ka jingina katifa a bangon da ke bayan mai magana, ka rataya bargo a gefe, idan kuma akwai wadirof cike da tufafi, ka buɗe shi mai magana ya fuskance shi. Kwalin ƙwai da wasu ke mannawa a bango amfaninsa kaɗan ne ƙwarai, bargo mai kauri ya fi shi nesa ba kusa ba.

A kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki, ko da ana zafi. Gara a riƙa tsayawa ana shan iska bayan kowane minti goma. A duba lokutan salla kafin a fara, domin kada kiran salla ya riske ku a tsakiyar jimla. Na fi samun natsuwa bayan ƙarfe goma na dare, ko da hantsi bayan yara sun tafi makaranta.

Mataki na 2: Sanya direba kafin ka jona akwatin

A kwamfutar Mac ba a buƙatar komai, da ka jona za ta gane shi. A Windows kuwa, idan akwatinka na Focusrite ne ko UMC202HD, ka shiga shafin intanet na kamfanin da ya ƙera shi, ka sauke direban samfurinka, ka sanya shi, ka kashe kwamfutar ka sake kunnawa, sannan ka jona akwatin. Kada ka sauke direba daga shafukan da ba na kamfani ba. UM2 da UMC22 ba su da direba nasu, Windows kan gane su da kanta, kuma sunan da za ka gani shi ne USB Audio CODEC, ba Behringer ba, abin da ke rikita mutane da yawa su zaci akwatin bai hau ba. Mai aiki da FL Studio ko Cubase ko Reaper da irin waɗannan akwatuna sai ya ƙara da manhajar ASIO4ALL ta kyauta. Mai Audacity ba ya buƙatarta.

Mataki na 3: Jona kaya bisa tsari

Kafin komai, ka mayar da duk maɓallan murɗawa zuwa ƙarshen hagu, ka tabbatar maɓallin da aka rubuta 48V a kashe yake. Ka sa wayar USB kai tsaye a jikin kwamfuta, ba ta cikin abin nan mai raba rami ɗaya zuwa huɗu ba, saboda daga wannan wayar akwatin ke samun wutarsa, kuma rabawar kan sa ya riƙa ɗaukewa ana tsakiyar aiki. Sai ka jona makirufo, ka tura kan wayar har ya zauna daram, ka sa hedifon a raminsa na jikin akwatin, ba na kwamfuta ba.

Idan makirufonka kwandensa ne, yanzu ne za ka kunna 48V, wanda a UM2 yake a bayan akwatin, ka jira kamar daƙiƙa goma kafin ka ɗaga ƙarfi. Idan an gama aiki sai a bi tsarin a juye: a sauke ƙarfi, a kashe 48V, a ɗan dakata, sannan a zare waya. Zare waya ko sa ta alhali wutar na kunne yana haifar da wata ƙara mai dukan kunne, wadda za ta iya illata sifika ko hedifon. Mai dainamik ya bar maɓallin a kashe. Rami na biyu da aka rubuta INST na jita ne da makamantanta. Idan fiyano za ka jona, ka yi amfani da ramin da ke karɓar LINE.

Mataki na 4: Nuna wa kwamfuta akwatin

A cikin saitin sauti na Windows, ka zaɓi akwatin a matsayin abin shigar da sauti da kuma abin fitar da shi. Ka shiga ƙarin saitinsa ka sa hez 48,000 a duka biyun, ka kashe duk wani zaɓi na ƙawata sauti, domin yakan riƙa ɗaga murya yana sauke ta ba da saninka ba. Ka kuma leƙa sashen sirri na Windows ka tabbatar an ba manhajoji izinin amfani da makirufo, saboda idan wannan a rufe yake, za ka ga fitilar akwatin tana amsa murya amma manhaja ba ta samun komai.

Sai ka buɗe Audacity, kuma ka tabbatar akwatin yana jone kafin ka buɗe ta, domin a lokacin buɗewa take lissafa na'urorin da ke akwai. Ka danna Audio Setup, a Host ka zaɓi Windows WASAPI ko MME, a Recording Device da Playback Device ka zaɓi akwatinka, a Recording Channels ka zaɓi 1, wato layi guda. Idan ka bar shi a 2 alhali makirufo ɗaya kake amfani da shi, murya za ta fito a kunne ɗaya kawai. Akwai akwatunan da ramin makirufonsu shi ne na 2; idan naka haka yake, ka naɗa a layi biyu, daga baya ka raba su da Split Stereo to Mono ka goge wanda babu komai a ciki.

Ina jaddada wannan matakin ne saboda abin da ya taɓa faruwa da ni. Na je ƙauye ɗaukar tarihin wani dattijo mai shekaru fiye da tamanin, muka zauna a zaure sama da awa ɗaya, ina jin muryarsa raɗau a hedifon, hankalina kwance. Da na dawo gida na kunna, sai na tarar ashe manhajar daga makirufon kwamfuta take ɗauka, hedifon kuwa daga akwatin yake ba ni sauti kai tsaye. Muryar tana can nesa, kukan tumaki ya fi ta fitowa, kuma ban sake samun damar zama da shi ba. Tun daga ranar, kafin kowane aiki sai na ƙwanƙwasa kan makirufo a hankali da yatsa ina kallon ma'aunin manhaja, sannan na ƙwanƙwasa jikin kwamfutar, in ga wanne ne ke motsa shi.

Mataki na 5: Daidaita ƙarfin shigar murya

Nan ne zuciyar aikin. Maɓallin da aka rubuta GAIN shi ke ƙayyade yawan ƙarfin da ake ba muryar kafin ta shiga kwamfuta, kuma ya sha bamban da maɓallin OUTPUT ko na hedifon, wanda kawai yake ƙara abin da kunnenka ke ji ba tare da ya taɓa abin da ake naɗawa ba. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya ji murya ta yi ƙasa a kunnensa, sai ya ƙure GAIN, alhali na hedifon ya kamata ya ɗaga.

Ka ajiye makirufo kamar taƙi ɗaya daga baki idan kwandensa ne, wato santimita 15 zuwa 20, ragar tare iska a tsakani. Dainamik yana son a matso, kamar faɗin yatsu uku ko huɗu. Ka ɗan karkatar da shi gefen baki domin iskar haruffa irin su b da f da t kada ta buge shi kai tsaye. Kwandensa irin AT2020 daga gefe ake yi masa magana, ta fuskar da tambarin kamfani yake, ba ta samansa ba.

Sai ka sa mai magana ya karanta ainihin abin da zai karanta, da irin muryar da zai yi amfani da ita, har da wurin da zai fi ɗaga ta. Kada ka dogara da "ɗaya, biyu, ana ji na", domin kowa yakan faɗi wannan a hankali, sai an fara na gaske murya ta buɗe. Yana magana kana murɗa GAIN sannu a hankali, idonka a kan ma'aunin manhaja. Ma'aunin, wanda ke auna ƙarfin sauti da desibel, yana ƙarewa ne a 0, kuma lambobin ƙasa da shi suna ɗauke da alamar ragi. Abin da ake so shi ne magana ta yau da kullum ta riƙa yawo wajen -18, idan an ɗaga murya ta kai -12, in ta yi tsanani -6. Duk muryar da ta taɓa 0 ta tsage, kuma tsagewar nan ba ta ɗinkuwa. A jikin UM2 akwai fitila mai suna CLIP da ke nuna haka, a Scarlett kuwa zoben da ke kewaye da maɓallin ne ke komawa ja daga kore. Ko sau ɗaya ka ga ja, ka rage.

Akwai kuma haɗarin ɗaya gefen. Ƙananan akwatuna sukan fara yin shuu idan aka kai GAIN ƙarshensa, musamman da dainamik wanda ke buƙatar ƙarfi da yawa. Idan ka ga sai ka ƙure maɓallin kafin murya ta kai inda ake so, ka dawo da shi baya kaɗan, ka matso da mai magana kusa da makirufo.

Mataki na 6: Sauraro ba tare da jinkiri ba

Idan mai magana yana jin muryarsa tana dawo masa a makare, harshensa zai riƙa sarƙewa. Dalili shi ne kwamfuta tana tara sauti gutsure-gutsure kafin ta sarrafa shi. Ka danna maɓallin DIRECT MONITOR a jikin akwatin, wanda ke kai murya hedifon kai tsaye, sannan ka kashe zaɓin da ke sa manhaja ta maido da murya, in ba haka ba za a ji ta sau biyu. Mai waƙa da ke son jin kansa ta cikin manhaja sai ya rage girman bafa, wato girman gutsuren sautin da kwamfuta ke tarawa, a saitin direba. A hez 48,000, bafa ta 128 tana ɗaukar ƙasa da kashi 3 cikin dubu na daƙiƙa, ta 1024 kuwa ta haura kashi 21. Idan ƙaramar bafa ta sa sauti yana ƙas-ƙas, kwamfutar ce ta gaza, sai a koma 256. A kashe sifika muddin makirufo na kunne.

Mataki na 7: Gwaji, sannan naɗa

Ka naɗi daƙiƙa talatin, ka tsaya, ka saurara da hedifon. Idan ka ji wani gunji mai kauri wanda ba ya yankewa, yawanci daga wutar lantarki yake, wadda a ƙasashenmu take kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma abin ya fi muni idan a janareta ko inbata ake. Ka zare cajar kwamfutar ka sake saurare. Sau da yawa nan take gunjin ke ɗaukewa, shi ya sa nake cika batir tun da wuri in yi aikin a kansa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Idan bai tafi ba, ka raba wayar makirufo da wayoyin wuta, ka gwada wani ramin USB, ka kuma nisanta wayoyin hannu daga teburin.

Idan komai ya yi daidai, ka danna naɗa, kowa ya yi shiru na daƙiƙa biyar zuwa goma kafin a fara magana. Wannan shirun zai yi amfani a gaba. Idan mai karatu ya yi tuntuɓe, kada ka tsayar, ya tafa hannu sau ɗaya ya maimaita jimlar daga farkonta. Tafin zai fito kamar doguwar tsinke a hoton sautin, ka gane wurin yankewa da ido. Ka riƙa adana aikin da Ctrl da S duk lokacin da aka huta.

Mataki na 8: Gyara da fitarwa

Ka fara fitar da kwafin asali ka ajiye gefe kafin ka taɓa komai. Sannan ka yanke kurakurai. Idan akwai shuu, ka zaɓi shirun nan na farko, ka shiga Noise Reduction ka danna Get Noise Profile, sai ka zaɓi duka sautin ka sake shiga ka rage da desibel 6 zuwa 12. Wuce haka yana sa murya ta koma kamar ana magana a ƙarƙashin ruwa, kuma ɗan shuu ya fi wannan daɗin saurare. Daga nan ka yi Normalize zuwa -1 domin muryar ta ɗago.

Adana aiki a Audacity ba ya ba ka fayil ɗin da waya ko rediyo za su kunna, sai ka yi Export. Ka fitar da WAV domin ajiya ko miƙa wa gidan rediyo. Minti ɗaya na layi guda a bit 16 da hez 48,000 yana cin kusan megabait 6. Domin turawa ta WhatsApp ko Telegram, MP3 a ma'aunin 128 ya wadatar ga magana. Ka sa wa kowane fayil suna mai ɗauke da kwanan wata da sunan aikin, ka kwafe na WAV a filashi ko wani faifan ajiya na dabam a ranar da ka gama.

Idan babu kwamfuta

Yawancin waɗannan akwatuna suna aiki da wayar Android ta hanyar ɗan adaftan OTG, tare da manhajar naɗa da ke karɓar sauti daga USB. Matsalar ita ce wuta, domin ba kowace waya ke iya ɗaukar nauyin akwatin ba, balle idan an kunna 48V. A nan ne ake buƙatar abin raba ramin USB, amma irin wanda ke da tasa wutar ta dabam. Ka sa wayar a yanayin jirgin sama domin kada kira ya katse aikin, ka kuma yi gwajin ƙwanƙwasa makirufo kamar yadda aka yi a mataki na 4, saboda waya ma takan koma kan nata makirufon ba tare da ta sanar da kai ba.